Tambayoyi da amsoshi kan ftell, fseek da ƙarshen layi: me ya sa manhajata take sauka inda ban aike ta ba?

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗalibai masu koyon rubuta manhaja da masu ƙananan shagunan kwamfuta a garuruwanmu, daga Bichi da Rano har Ringim, Gumel da Kafin Hausa. Aikin kusan iri ɗaya ne: rajistar manoman ƙungiya, sakamakon jarrabawar makaranta, lissafin buhunan taki, duk a fayil ɗin rubutu, kowane mutum da layinsa. Manhajar takan karanta daga farko zuwa ƙarshe lafiya lau. Ranar da aka ce ta tsallaka kai tsaye zuwa layi kaza, sai ta fara kawo rabin suna. Misalan da ke ƙasa na C da Python ne, tunda su aka fi tambaya a kai.

Mene ne matsayin fayil, kuma me `ftell` da `fseek` suke yi?

Fayil a kan faifai jerin bayit ne, wato ƙananan lambobin da kwamfuta take ajiye bayanai da su (harafi irin a ko b bayit ɗaya ne), ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga su daga 0. Idan ka buɗe fayil, kwamfuta tana riƙe da lambar wurin da karatu ko rubutu na gaba zai fara. Wannan lamba ita ce matsayi. A harshen C, `ftell` yana faɗa maka inda kake, `fseek` kuma yana kai ka inda ka ce. A C++ su ne `tellg` da `seekg`, a Python `tell` da `seek`. Amfaninsu shi ne kada ka sake karanta layi dubu goma don kawai kana neman manomi ɗaya.

Ai ƙarshen layi shi ne in danna Enter. Ina matsalar take?

Abin da maɓallin yake ajiyewa a faifai ya danganta da tsarin kwamfutar. A jadawalin ASCII, wanda yake ba kowane harafi lambarsa, akwai haruffa biyu da ba a ganinsu a allo: CR mai lamba 13, da LF mai lamba 10. Sun samo asali ne daga injunan teletaif na da, masu bugawa a takarda irin tafireta. CR yana mayar da kan injin zuwa farkon layi, LF yana tura takarda sama layi ɗaya. Aiki biyu ne, don haka harafi biyu.

Unix ya zaɓi LF kaɗai, kuma Linux, Android da macOS na yanzu duk a kan haka suke. MS-DOS ya gaji CR da LF tare daga CP/M, wani tsohon tsarin kwamfuta, Windows ya gada daga DOS. Tsofaffin kwamfutocin Mac, kafin fitowar Mac OS X a 2001, CR kaɗai suke sawa. Ke nan layi guda yana iya ƙarewa da bayit ɗaya ko biyu, kuma ido ba zai gaya maka ba.

Mene ne bambancin buɗe fayil da `"r"` da buɗe shi da `"rb"`?

`"r"` yanayin rubutu ne, `"rb"` yanayin bainari. A Windows, idan ka buɗe a yanayin rubutu, laburaren C, wato tarin shiryayyun umarnin da ke zuwa da harshen, yana shiga tsakaninka da faifai. Wajen karatu, duk inda ya ga CR da LF a jere sai ya haɗiye CR ya miƙo maka `\n` ɗaya, wato LF a rubutun C. Wajen rubutu, duk `\n` da ka ba shi sai ya ƙara masa CR a gaba. A yanayin bainari ba ya taɓa komai, abin da ke faifai shi kake gani.

Manufar mai kyau ce, a rubuta manhaja ɗaya ta yi aiki a ko'ina ba tare da damuwa da ƙarshen layi ba. Kuma tana aiki muddin daga farko zuwa ƙarshe kake karatu. Rigimar tana tasowa ne da zarar ka fara lissafin matsayi, don abin da ka ƙirga a hannunka ya riga ya bambanta da abin da ke faifai.

Malam, na tara tsawon kowane layi da `strlen` don in san inda na gaba ya fara, amma `fseek` yana kai ni wani wuri dabam. Me ya faru?

Ɗauki fayil mai layi uku da aka rubuta a Windows: Kura, Rano, Bichi. A faifai, Kura ta ci matsayi 0 zuwa 3, CR yana 4, LF yana 5. Rano ta ci 6 zuwa 9, CR yana 10, LF yana 11. Bichi ta fara a 12. Fayil ɗin gaba ɗaya bayit 19 ne.

Kai kuwa da ka karanta da `fgets` a yanayin rubutu, layin farko ya zo maka da tsawon 5, na biyu ma 5. Ka tara ka samu 10, ka ce nan Bichi take. Amma matsayi na 10 CR ɗin da ke bayan Rano ne. Ka je can ka karanta, sai ka samu layi fanko. Kowane layi yana cin maka bayit ɗaya, saboda haka a layi na 1,000 kana baya da bayit 999. Shi ya sa idan an zuba rajistar ƙauye guda sai sunan wani ya fito da lambar wayar wani.

To lambar da `ftell` yake bayarwa ba adadin bayit ba ce?

A yanayin bainari ita ce. A yanayin rubutu ƙa'idar harshen C ba ta yi maka wannan alkawari ba. Abin da ta ce shi ne lambar tana ɗauke da bayanin da `fseek` zai iya amfani da shi ya dawo da kai wurin, kuma bambancin lambobi biyu ba lallai ya zama adadin haruffan da ke tsakaninsu ba. Ka ɗauke ta kamar tikitin da ake ba ka idan ka ajiye babur ranar kasuwa: shi za ka mayar a ba ka babur ɗinka, ba a ƙara masa biyar a ce a ba ka na kusa da shi.

Abin da aka halatta a yanayin rubutu biyu ne. Ko ka ba `fseek` sifili, wato farkon fayil, ƙarshensa ko inda kake, ko ka ba shi lambar da `ftell` ya ba ka a kan wannan fayil ɗin tare da `SEEK_SET`, wato a ƙirga daga farkon fayil. Takardun Microsoft ma iyakar abin da suka lamunce ke nan. Duk wani `ftell` da aka ƙara wa 20, ko `fseek` da aka ce ya koma baya da 1 daga inda yake, sa'a ce idan ya yi aiki.

Na bi wannan ƙa'ida, lambar `ftell` kawai nake mayarwa, duk da haka ina sauka ba daidai ba. Fayil ɗin daga waya aka turo min.

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahalar da mutane, domin mai manhajar bai yi laifin komai ba a rubuce. A nan wajenmu kuma ta fi yawa, saboda yadda aikin yake tafiya: ana shiga ƙauyuka da wayar Android a ɗauki bayanai, da yamma a juye su a kwamfuta mai Windows. Fayil ɗin da ya fito daga Android ko daga sabar Linux sau da yawa LF kaɗai gare shi.

Laburaren C ba ya ɗauko bayit ɗaya-ɗaya daga faifai. Yakan kwaso dunƙule guda, galibi bayit 4,096 a laburaren Microsoft, ya fassara ƙarshen layukan, ya ajiye a wata ma'ajiyar wucin gadi da ake kira bafa, daga nan yake tsakuro maka. Idan ka kira `ftell`, Windows ya san inda dunƙulen ya ƙare ne kawai, bai san inda kai ka kai a ciki ba. Dole laburaren ya yi lissafi, alhali CR ɗin da ya haɗiye sun riga sun tafi. Sai ya ƙirga `\n` da ke cikin bafa ya ɗauka kowane bayit biyu ne a faifai. Idan fayil ɗin na Windows ne, lissafin ya fita. Idan LF kaɗai ne, ya ƙirga CR ɗin da babu su, lambar ta karkace, wani lokaci gaba wani lokaci baya, gwargwadon yawan layukan da ke cikin bafa a wannan lokacin. Masu amfani da Code::Blocks ko Dev-C++ da MinGW suna gamuwa da wannan, tunda laburaren Microsoft ɗin ne a ƙarƙashi.

Alamar wannan cuta ita ce kuskuren ba ya ƙaruwa da ɗaya-ɗaya a tsare kamar na tambayar `strlen` da ke sama. Yana hawa yana sauka. Fayil ɗin da ya haɗa iri biyu, wasu layuka daga waya wasu an ƙara su a Windows, shi ne mafi ban haushi. Maganin yana nan ƙasa, cikin amsar tambayar da ke magana kan hanyar da ta fi tabbas.

Manhajar tana aiki daidai a kwamfutar abokina mai Linux. Ke nan tawa ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. A Linux babu bambanci tsakanin `"r"` da `"rb"`, ba a fassara komai, don haka matsayi kullum adadin bayit ne. Sai dai shi ma yana da tasa: idan ka ba shi fayil ɗin Windows, kowane layi zai zo masa da CR a wutsiya. Ya kwatanta "Rano" da abin da ya karanta, manhaja ta ce ba ɗaya ba ne, shi kuma yana kallon allo yana ganin ɗaya ne.

Yaya zan gane irin ƙarshen layin da fayil yake da shi?

A Notepad++ duba ƙasan taga, zai nuna CR LF ko LF, kuma akwai zaɓin da ke bayyana alamomin a ƙarshen kowane layi, wanda shi ne zai tona fayil mai gauraye. VS Code ma yana nunawa a ƙasa. A PowerShell, `Format-Hex` zai zubo bayit ɗin: `0D 0A` na Windows ne, `0A` kaɗai na Unix. A Linux akwai `file`, `od -c` da `xxd`.

Kada ka dogara da yadda rubutun ya fito a Notepad. A da, fayil mai LF kaɗai yakan dunƙule ya zama layi ɗaya dogo, mutum ya gane nan take. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2018 Notepad yana nuna shi a tsare, sai dai ka duba sandar ƙasa.

Wace hanya ce ta fi tabbas?

Duk manhajar da za ta yi tsalle a cikin fayil, ta buɗe shi a yanayin bainari, ko da rubutu ne zalla a ciki. A C `"rb"`, a C++ `std::ios::binary`. `fgets` da `getline` suna aiki yadda suka saba, suna tsayawa a LF. Abin da ya rage maka shi ne bayan karanta layi ka cire `\n` na ƙarshe, sannan idan akwai `\r`, wato CR, a gabansa ka cire shi ma. A C, `layi[strcspn(layi, "\r\n")] = 0;` ya gama aikin. Idan kana tara tsawo, ka tara kafin ka yanke.

Da wannan `ftell` ya koma adadin bayit na gaskiya, kana iya ƙarawa da ragewa, kuma fayil ɗin waya da na Windows da mai gauraye duk hanya ɗaya suke bi. Wasu suna ba da shawarar kashe bafa da `setvbuf` don `ftell` ya daina kuskure. Ni ban ga hikimarsa ba: karatu zai yi nauyi a tsohuwar kwamfuta, kuma matsalar lissafin `strlen` tana nan daram.

Ba sai in mayar da kowane fayil zuwa CR LF kafin in buɗe ba?

Ana iya yi, da `unix2dos` ko daga cikin Notepad++, kuma idan aikin na yau ne kaɗai, ba laifi. Amma manhajar da za ka bar wa sakataren ƙungiya a Auyo ko Kura ka koma makaranta, ba za ka dogara da cewa zai tuna ya juya fayil duk sati ba. Ranar da ya manta ba za ta yi ƙara ba, lissafin da ba daidai ba kawai za ta ba shi.

Na auna girman fayil da `fseek` zuwa ƙarshe da `ftell`, na karanta da `fread`, sai ga shara a ƙarshen rubutun.

Koma misalin Kura, Rano, Bichi. Girmansa 19, ka ware wuri na 19, amma `fread` a yanayin rubutu ya kawo 16 saboda CR uku sun tafi. Idan ka sa alamar ƙarshen rubutu a matsayi na 19, guraben ukun da ba a cika ba suna ɗauke da duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwa. Ka riƙa amfani da lambar da `fread` ya dawo da ita, ba wadda ka auna ba, ko ka buɗe da `"rb"` su zo ɗaya.

Manhajata tana kwafar hotunan fasfo na ɗalibai, amma wasu suna lalacewa, wasu karatun yana tsayawa a tsakiya.

An buɗe su a yanayin rubutu. A cikin hoto, bayit 10 da 13 bayanai ne kamar kowanne, idan aka ƙara ko aka cire ɗaya komai na bayansa ya goce. Tsayawar kuma daga bayit 26 take, wato Ctrl+Z, wanda yanayin rubutu na Windows yake ɗauka a matsayin ƙarshen fayil. Gado ne daga CP/M, inda ake auna fayil da dunƙulen bayit 128, sai ana buƙatar alamar da za ta nuna inda rubutu ya ƙare.

Waɗanda suka tsara PNG, wani nau'in fayil ɗin hoto, sun san da wannan tarko. Bayit takwas na farkon kowane PNG su ne 137, 80, 78, 71, 13, 10, 26, 10. Sun sa CR LF da LF da 26 da gangan, don idan wani abu ya taɓa ƙarshen layi a hanya, manhajar buɗe hoto ta gane tun daga bakin ƙofa.

A Python fa? `tell` ya ba ni wata lamba mai tsawon gaske, wani lokaci kuma ya ƙi aiki.

Python 3 yana fassara ƙarshen layi a kowane tsari, ba a Windows kaɗai ba: CR LF, LF da CR duk suna zuwa maka a `\n`. Ba ya yin kuskuren lissafin da aka bayyana a tambayar fayil ɗin waya, domin yana cusa halin da mai fassararsa yake ciki a cikin lambar da `tell` ya bayar. Shi ya sa takan zo da tsawo haka. Ka mayar wa `seek` ita yadda take, za ta yi aiki. Tara `len` na layuka kuwa zai karkace kamar na `strlen`.

Saƙon `telling position disabled by 'next()' call` yana fitowa ne idan ka kira `tell` a cikin `for layi in f`. Ka koma `readline` a cikin `while`. Haka nan yanayin rubutu ba ya yarda ka koma baya daga ƙarshe da wata lamba in ba sifili ba. Idan jadawalin matsayi kake ginawa, buɗe da `"rb"`, tara `len` na kowane layi, sannan ka yi `rstrip(b"\r\n")` da `decode("utf-8")`.

Na rubuta CSV da Python, a Excel sai layi fanko tsakanin kowane suna.

CSV fayil ɗin rubutu ne da ake raba filayensa da waƙafi, kuma sashen `csv` na Python da kansa yake sa CR LF. Yanayin rubutu na Windows ya ga LF ɗin ya ƙara masa wani CR, ya zama CR CR LF. Buɗe fayil ɗin da `newline=""`, wajen karatu da wajen rubutu. Haka ma a C, kada ka rubuta `\r\n` da hannunka a fayil ɗin da ka buɗe da `"w"`.

Na koma bainari, na gyara ƙarshen layi, amma layukan da ke da sunayen Hausa suna gocewa.

Wannan ba ƙarshen layi ba ne, amma 'yar'uwarsa ce, kuma mu ta fi shafa. A UTF-8, wani tsarin mayar da haruffa zuwa bayit, haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, kowane bayit biyu ne. Haɗeja harafi 6 ce, bayit 7. Alamar naira ₦ bayit 3 ce. Lanƙwasasshiyar alamar da Word yake sawa a kalma irin 'ya'ya ita ma 3 ce, ta kan maɓalli kuwa 1. `strlen` na C bayit yake ƙirgawa, ba ruwansa, amma `len` na Python a kan rubutun da aka riga aka fassara haruffa yake ƙirgawa. Matsayi kullum da bayit ake yinsa.

Akwai kuma bayit uku, `EF BB BF`, da wasu manhajoji suke sawa a farkon fayil, misali Excel idan ka adana a matsayin CSV na UTF-8. Ba a ganinsu, amma layin farko a 3 yake farawa ba a 0 ba. A Python `encoding="utf-8-sig"` yana tsallake su. Ka saba da rubuta `encoding` a fili, kada ka bar wa Windows zaɓi, don tsarin da yakan zaɓa a kwamfutocinmu ba shi da haruffa masu ƙugiya.

Na ajiye jadawalin matsayi a wani fayil, jiya yana aiki, yau ya daina, kuma ban taɓa manhajar ba.

Wani abu ya taɓa fayil ɗin bayanan. Kwafa a filashi ba ta canza bayit. Masu canzawa su ne buɗewa a Excel a sake adanawa, tura fayil ta FTP (hanyar aika fayil tsakanin kwamfutoci) a yanayin ASCII, da Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayil) idan `core.autocrlf` yana kunne, wanda yake mayar da LF zuwa CR LF idan aka sauke a Windows. A `.gitattributes` sa `*.csv -text` don Git ya ƙyale su. Dabara mai sauƙi kuma ita ce ka ajiye girman fayil ɗin tare da jadawalin. Idan manhaja ta tashi ta ga girman ya canza, ta sake gina jadawalin kafin ta fara aiki.

Ina so in gyara layi ɗaya a wurinsa, misali adadin buhunan da manomi ya biya, ba tare da sake rubuta fayil duka ba. Zai yiwu?

Zai yiwu idan sabon rubutun tsawonsa ɗaya da tsohon a bayit. Fayil ba ya matsawa ya ba ka wuri, abin da ka rubuta yana hawa kan abin da ke nan ne. Ka mayar da 9 zuwa 10, ka cinye bayit ɗin da ke biye. Masu wannan tsari sukan ba kowane fili faɗi tsayayye, su cike ragowar da sarari. Nan ma ƙarshen layi yana shiga lissafi: rikodi mai bayit 40 yana cin 41 ko 42, kuma idan ka rubuta `\n` a yanayin rubutu a kan fayil mai LF kaɗai, bayit biyu za su sauka, harafin farko na sunan da ke biye ya tafi. Buɗe da `"r+b"`, kuma kada ka sake rubuta ƙarshen layin, filin kawai.

Ƙa'idar C ta kuma ce a irin wannan buɗewa kada ka tashi daga karatu zuwa rubutu sai ka kira `fseek` a tsakani, daga rubutu zuwa karatu kuma `fseek` ko `fflush`. Kada ka yi amfani da `"a"`, domin duk inda ka kai matsayi, rubutun a ƙarshen fayil zai sauka. Ga rajistar da ba ta wuce layi dubu kaɗan ba, ya fi aminci ka rubuta sabon fayil gaba ɗaya da wani suna, ka rufe shi, sannan ka musanya shi da tsohon, don idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, tsohon yana nan. Idan kuma gyare-gyaren kullum ne, ka koma SQLite, ƙaramin rumbun adana bayanai wanda yake zuwa tare da Python a sashen `sqlite3`.